Waifar MGB da masu saye ta hoto

Yanzu yaran gareji ta waya suke sayen kayan gyara. A nuna musu hoto, a ce wannan waifar tana shiga kowace mota, su tura kuɗi. A kan motocin yau ban ce komai ba. Amma da na ji ana yi wa tsohuwar MGB haka, sai raina ya ɓaci.

Wanda ya san motar ya san ba iri ɗaya ba ce. An ƙera ta a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, kuma cikin waɗannan shekarun waifarta ta sauya fiye da sau ɗaya. Na farkon suna da injin waifa na kamfanin Lucas mai jiki kusurwa huɗu. Daga baya aka kawo mai zagayayyen jiki, 14W, mai gudu biyu. Motocin masu buɗaɗɗen sama da aka kai Amurka daga 1969 kuwa waifa uku gare su, saboda dokar can ta nemi a share fili mai yawa a gilashi. Hannuwan ma da farko farin ƙarfe ne mai sheƙi, sai cikin shekarun 1970 suka koma baƙi.

Abin da nake ta faɗa shi ne, kada ka jefar da tsohon ƙarfe kafin ka karanta shi. A wancan lokacin Lucas na buga lamba da kwanan ƙira a jikin injin. Ka buɗe murfin, a kan babban haƙorin ciki za ka ga an buga digirin da hannu zai share, 110 ko 120 ko makamancin haka. Ka sa wanda ya fi, robar ta riƙa dukan bakin gilashi. Ka sa wanda ya gaza, direba ya riƙa leƙe cikin ruwan Agusta. Ƙananan akwatunan da hannuwan ke hawa su ma a ƙirga haƙoransu.

Akwai wani Alhaji da ya kawo mana tasa, mai sitiyari a dama, irin waɗanda suka shigo kafin Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972. Ɗansa ya yi masa odar hannuwa na mota mai sitiyari a hagu. Lanƙwasarsu ta saɓa, suka ƙi kwanciya inda ya kamata. Na ce ina tsofaffin? Wai an ba 'yan gwangwan. Allah kaɗai ya san irin ƙarafan da aka narkar haka a Panteka ta Kaduna, aka yi tukwane.

To, kada kuma a ce na ce komai tsoho shi ne mai kyau. Robar da ta shekara 40 a kwali, ko da sunan Trico a jiki, ta bushe, gilashi za ta karce maka. Wannan sabuwa za ka nema, a auna tsawon da faɗin bakin hannun. Na kuma ga maƙerin da ya gyara akwatin haƙori ya fi sabon da aka yi oda ƙarko.

Amma shi ma sai da aka ajiye masa tsohon a gabansa. Yaron da ya riga ya sayar da nasa a kilo, me zai kai wa maƙerin ya duba?