Abin Da Nake Nema Cikin Labari

Mu mutanen Illela mun saba da tambayar bakin iyaka. Ko wace mota za ta wuce Ƙonni, ko ta shigo daga can, sai an tsai da ita an ce, "Me ka ɗauko?" Amma akwai kayan da ke shiga gidajenmu dare da rana ba mai tambayarsu, watau labarun da ke cikin littattafai, da fim, da telebijin, da wayar hannu. Ni mai son labari ne tun ina yaro. Saboda haka ina so in faɗa wa 'yan'uwa ra'ayina a kan waɗansu da na karanta ko na kalla, da mudun da nake auna su da shi.

Mudun nawa tambaya ɗaya ce. In wani ya yi abu a cikin labarin, wa ya sha wahalarsa? Labari mai kyau ba ya ɓoye amsa.

Bari in fara da Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East, shekara fiye da tamanin ke nan. Wani mai dukiya ya raba Abubakar da Zainabu, yarinyar da yake so. Abubakar kuwa ya shiga duniya neman maganin ramuwa. Ya samu, amma wanda abin ya fāɗa wa yaro ne da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Ya tashi ɓarawo, har ya kashe ubansa cikin rashin sani. Littafin ƙarami ne, amma ban ga wanda ya fi shi nuna cewa ramuwa ba ta tsayawa inda aka aike ta ba.

Haka kuma Alhaki Kuykuyo Ne, na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ya yi amarya, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara. Marubuciyar ba ta gaggauta kai mu wurin hukuncin Alhaji ba. Sai ta zaunar da mu tare da Rabi tana sayar da abinci domin yara su ci, su je makaranta. Kada maigida ya ce wannan zancen gidan mata biyu ne, bai shafe shi ba. Mai mace ɗaya ma yana iya hana kuɗin cefane ya kashe su a waje. Da magidanta za su karanta shi, da an rage kuka a gidaje da yawa.

Cikin fina-finai, akwai wanda ya kamata kowane ɗan wannan yanki ya nema, watau Sarraounia, ko Sarauniya, wanda Med Hondo ya yi a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, mutumin Nijar. Labarin sarauniyar Lugu ne, wadda ta yi tsayayya da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. A wannan shekara ce rundunar ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe mutane masu yawa. Ƙonnin nan ce da muke zuwa cin kasuwa. Fim ɗin ba da Hausa aka yi shi ba, kuma ba na ƙananan yara ba ne, gama akwai zub da jini. Amma ya nuna yadda girman kai ya cinye masu shi, gama sojojinsu ne suka kashe shugabannin nan biyu a ƙarshe.

A telebijin kuwa, na yaba wa Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014. Mutanen cikinsa irin namu ne, ga almajiri, ga mai neman aiki, ga wanda rikici ya koro daga garinsu, ga Kirista da Musulmi suna maƙwabtaka. In uba ya yi sakaci, za ka ga abin a jikin 'ya'yansa. Kwana Casa'in kuma ya nuna cewa kuɗin da ɗan siyasa ya sace, majinyacin asibiti ne yake biyansa. Aibinsu ɗaya, irin waɗannan wasanni sukan ja labari har mai kallo ya manta mafarinsa.

Waɗanda ba na so su ne masu ɓoye amsa. Ana samunsu cikin fina-finan Kano, da na kudu, da na Indiya da ake juyawa da Hausa. Za ka ga saurayi yana da mota da gidan bene, amma daga farko har ƙarshe ba a nuna sana'arsa ba. Jarumi ya doke mutum ashirin, ba a nuna uwar ko ɗaya tana kuka ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gari irin namu. Sa'ad da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, samari da yawa sun rasa abin yi. Yaron da aljihunsa ba kome, idonsa kuwa kullum yana kan arziki marar gumi, ba zai yi wuyar amsa kiran mai fasa-ƙwauri ba.

Ban ce a kashe telebijin ko a ƙwace waya ba. Abin da aka hana a gida, za a kalle shi a maƙwabta. Shawarata ga iyaye ita ce, ko sau ɗaya a mako ku zauna ku kalla tare da yara, ko wani ya karanta da ƙarfi sauran su saurara. In an gama, ku tambaye su, "Ina wannan ya sami kuɗinsa? Wa ya ji ciwo saboda abin da ya yi?" Ku bar su su amsa da kansu, kada ku yi musu faɗa. Yaron da ya saba yi wa labari wannan tambaya, ran da aka zo masa da hanyar kuɗin dare ɗaya, zai yi wa kansa ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.