Muryar Inji Tsakanin Treichville da Adjamé

A shekarar 2019 dakon kifi ne aikina. Kullum bayan sallar asuba nakan fita daga gidanmu a Treichville in nufi tashar jiragen kamun kifi, in ɗaure akwatin tuna a bayan babur, in haye gadar Houphouët-Boigny, in ratsa Plateau, in hau zuwa Adjamé, inda kawuna yake da rumfuna uku na sayar da garba. Wanda bai san Abidjan ba zai ɗauka sunan mutum na ambata, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Garba abinci ne, aceken rogo da soyayyen tuna da albasa da barkono, mutanen gari kuma suna cewa daga Hausawan Nijar masu sayar da shi ya sami sunansa. Shi ne karin kumallon lebura da ɗan makaranta da yaron mota, saboda haka kifin da bai shiga mai ba kafin ƙarfe bakwai ya makara.

Babur ɗin na hannu ne, mai injin 125, irin wanda ba a sa masa giya, totur kawai ake murɗawa ya tafi. A titunan Treichville, waɗanda suke a miƙe bisa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba ya nuna wani aibi. Amma da akwati da ƙanƙara da kifi nauyin yakan kai kilo 60, kuma da zarar na fara hawan gada sai muryar injin ta karye: ta tashi, ta faɗi, ta sake tashi, kamar mai haki. Haka zan yi ta fama har Adjamé, ina jin kunyar masu jiran mota da ke kallona.

Wani matashin makanike a kasuwar kayan gyara ta Adjamé ya ce ya san maganin. Ya buɗe murfin gefen injin, ya zaro wasu ƙananan ganguna shida masu nauyin giram 13 kowanne, ya zuba masu giram 9, ya kuma canza wani babban sifirin da wani ja mai tauri. Da na murɗa totur, babur ya yi wata irin ƙara da ban taɓa ji daga gare shi ba, har yaran gareji suka yi tafi. Na biya jika 6, wato sefa 6,000, na tafi ina jin na sayi sabon abin hawa.

Mako biyu na yi ina wannan alfahari. A cikinsu na lura man da yakan kai ni kwana uku ba ya wuce biyu. Na lura bas ɗin SOTRA yana wuce ni a kan gada alhali injina yana kururuwa kamar zai tsage. Na ji ƙaurin roba duk lokacin da na tsaya. Duk na gani, na kau da kai, domin ƙarar tana mini daɗi, kuma a lokacin ban san wani ma'aunin ƙarfi ba sai ita. Ranar wata Juma'a cikin watan Yuni, ana yayyafi, ina tsakiyar gada, sai na ji wani abu ya yi fat a ƙarƙashina. Inji ya ci gaba da ihu, ƙafar baya kuwa ta daina karɓar umarni. Bel ya tsinke.

Turawa na yi har Adjamé. Na isa bayan ƙarfe tara, jiƙe sharkaf, ƙanƙara ta narke, kifi ya yi laushi. Kawu ya buɗe akwati ya shinshina, ya ware kusan rabi ya ce ba zai ba mutane ba. Masu saye kuma tuni sun koma rumfunan maƙwabta. Ya lissafa asarar ta kai jika 45. Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, "Ɗan nan, baki goma sha ɗaya ke ci daga rumfunan nan, har da na mahaifiyarka. Na ba ka mako guda. In babur bai daidaita ba, zan ba mai woro-woro dakon."

Da yamma na kai babur wurin wani dattijo, aminin marigayi mahaifina, mutumin Ƙonni, wanda yake da 'yar rumfar gyara a bayan kasuwar Treichville. Tun yana saurayi ya zo Kodibuwa, kuma a kan ƙananan babura irin Peugeot 103, waɗanda suka fara fitowa a 1971, ya koyi sana'a. Baba nake ce masa. Ya shimfiɗa buhun siminti a ƙasa, ya jera kayan cikin murfin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki ɗaya daga gangunan giram 9 ya jinjina a tafin hannu, ya dube ni.

"Wa ya sa maka wannan?"

"Wani ne a Adjamé, Baba. Ya ce zai ƙara ƙarfi."

"Ya ƙara?"

"Ya ƙara ƙara dai."

Ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya ce in zauna.

Abin da ya nuna mini a kan buhun nan zan yi ƙoƙarin bayyanawa, domin duk labarin a kansa ya rataya. Makanikan Abidjan da Faransanci suke kiran waɗannan kaya, harshenmu kuma ya lanƙwasa su. Abin da Kano ke kira bel, mu kuruwa muke cewa, kuloci kuma ambirayaji. Ƙananan gangunan nan sunansu gale, kalmar da a Faransanci take nufin tsakuwar bakin ruwa, shi ya sa Baba ba ya ce musu komai sai tsakuwa. Ni ma haka zan kira su.

A gaba, jikin inji, akwai faifan ƙarfe biyu masu siffar malafa, tsininsu yana kallon juna, bel kuma yana kwance a kwarin da ke tsakaninsu. A baya, wajen ƙafa, akwai wasu biyun irinsu. Idan inji ya juya, tsakuwoyin da ke bayan faifan gaba sukan nemi fita waje, kamar yadda dutse ke jan igiyar majajjawa, sai su tura faifai ɗaya ya matso kusa da ɗan'uwansa. Kwari ya ƙuntata, bel ya hau sama. Tun da tsawon bel ba ya canzawa, hawansa a gaba yana sa ya nutse a baya, ya buɗa faifan baya da ƙarfi, ya danne babban sifirin da ke riƙe da su. Wannan shi ne sauya giya, sai dai babu ta ɗaya ko ta biyu, gangarawa ake yi daga ƙarama zuwa babba ba tare da tsani ba. Idan kuma aka zo hawa, ƙafa ta yi nauyi, sai sifirin ya rinjayi tsakuwa, ya mayar da bel baya, giya ta ragu da kanta.

Ja-in-ja ke nan tsakanin tsakuwa da sifirin, kuma amfaninsa guda ne. Kowane inji yana da wani adadin juyi da yake ba da dukan ƙarfinsa a kai. Irin nawa wajen juyi 7,500 ne a minti. Ƙasa da haka yana nishi, sama da haka yana ɓarnar mai da zafi ba tare da ƙarin komai ba. Idan tsakuwa da sifirin sun yi daidai, to da ka murɗa totur inji zai hau wannan matsayi ya zauna a kai, gudun babur ya yi ta ƙaruwa a ƙarƙashinsa, muryarsa kuwa ba ta motsa ba. Tsakuwa mai nauyi takan tura faifai da wuri, ta ɗora wa inji babbar giya tun bai shirya ba, murya ta dushe. Mara nauyi ba ta iya turawa sai inji ya wuce iyakarsa. Tawa mai giram 9, ga kuma jan sifirin yana ƙara danne ta, ta bar inji yana ihu a ƙaramar giya, ba ta kuma matse bel yadda ya kamata ba, ya yi ta zamewa yana zafi har ya tsinke.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ciwon farko bai buƙaci ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na je da tsofaffin tsakuwoyina a aljihu. Baba ya murza ɗaya a kan gilashi, ta gungura kaɗan ta tsaya cak, domin gefenta ya cinye ya zama shafaffe. Tsakuwa irin wannan takan maƙale, sannan ta kuɓuce, abin da ke sa murya tashi da faɗuwa ke nan. Tsohon bel kuma ya sirance, tsohon sifirin ya gaji. Sababbi irin na asali kawai ake bukata tun farko.

Baba ba shi da agogon auna juyin inji, kuma bai nuna yana bukatarsa ba. Sikeli dai ya aika aka aro daga wani maƙerin zinariya, Basenegale, da ke layinsu, domin bai yarda da lambar da ake rubutawa a jikin kwali ba. Ya wanke faifan da fetur har ba sauran maiƙo, ya sa sabon bel, ya mayar da sifirin irin na asali, ya zuba sababbin tsakuwoyi masu giram 13. Washegari da asuba ya fito da hularsa, ya haye bayana ya ce, "Yau ni ne kifinka. Nauyinmu ɗaya."

Muka zaga unguwa har inji ya yi ɗumi, sannan muka nufi gada. Ya ɗora hannu a kafaɗata ya ce in buɗe totur duka, kada in sassauta. Sai na ji yana wani guɗa a maƙogwaro, yana bin muryar inji. A kan shimfiɗa muryarsa da ta injin suka tafi tare. Da muka fara hawa, ta injin ta sauka ƙasa kaɗan, tasa ta tsaya inda take, na ji tazarar da kunnena, shi kuma ya matsa kafaɗata. A ƙarshen gada ya ce, "Ka ji? Bahaushe da yake rarrabe fari da fari da karin murya kawai, ai bai kamata wannan ya gagare shi ba." Yana nufin farin launi da farin rashin ruwa. Tun daga ranar nake jin inji kamar yadda nake jin magana.

Na ce to mu rage tsakuwa, mu kuma ɗan taurara sifirin. Ya ƙi. Ya ce abu ɗaya ake taɓawa, a gwada, a kan hanya ɗaya, da kaya ɗaya, a lokaci ɗaya na yini; wanda ya taɓa biyu ba zai san wanne ya yi aiki ba. Wannan ƙa'ida ta cinye mana kwana uku daga cikin bakwai da Kawu ya ba ni, kuma ban ɓoye masa ƙosawata ba. Rana ta biyu muka gwada giram 11. Hawan ya yi kyau, amma a kan shimfiɗa murya ta haura, ta yi kaifi, gudun ƙarshe ya ragu. Giram 12 muke nema, ba mu samu a kasuwa ba. Sai ya ɗauki uku masu 11 da uku masu 13, ya jera su bi-da-bi, mai nauyi kusa da mara nauyi, don kada faifai ya karkata gefe guda. Rana ta uku muka hau gada, muka ratsa Plateau, muka kai har Adjamé, hannunsa yana kafaɗata bai matsa ba ko sau ɗaya.

Daga baya, da na nemi ƙarin bayani da Faransanci, na yi mamakin ganin yawancin abin da na samu daga Kebek ta ƙasar Kanada ya fito, kuma a kan abin hawan dusar ƙanƙara yake magana, wanda ke da allunan zamiya a gaba da faffaɗan bel mai haƙora a ƙasa maimakon ƙafa. Joseph-Armand Bombardier, mutumin garin Valcourt, shi ya fitar da Ski-Doo a 1959. Tsarin da ke cikinsa ɗan'uwan nawa ne: nauyi da sifirin a gaba, sifirin a baya, bel a tsakani. Masu shi sukan yi ta canza nauyi giram-giram don inji ya zauna wajen juyi 8,000 a minti. Idan za su hau manyan duwatsu sukan rage nauyin, domin iskar can ba ta da kauri, inji yana asarar kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tsawo. Dusa mai zurfi a wurinsu ita ce kilo 60 na tuna a wurina. Na karanta wa Baba wannan, ina fassarawa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko su ma abu ɗaya suke taɓawa kafin su gwada. Na ce haka suka rubuta. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da ɗaure ƙusar da ke hannunsa.

Kawu bai yafe jika 45 ba. Jika 5 yake cirewa daga ladana kowane mako, har tsawon mako tara, ban kuma ga laifinsa ba. Dakon dai ya bar mini. Na yi shekara biyu ina hawan gadar nan kowace asuba kafin in koma makaranta, in miƙa wa ƙanena babur. Na gaya masa ya riƙa buɗe murfi yana duba tsakuwa da faɗin bel, ya ce ya ji.

Bara da na je hutu, muna zaune da Baba a ƙofar rumfarsa muna shan shayi, ƙanen nawa ya wuce ta babban titi, ba ma ganinsa, injin kawai muke ji. Baba ya ajiye kofi ya karkata kunne har sautin ya ɓace.

"Ka ce wa yaron nan ya kawo shi gobe," in ji shi. "Tsakuwa ɗaya ta fara cinyewa."