Zamanin Filofi da Lissafin Hannu

Duk wanda ya yi digiri na biyu a fannin kwamfuta a ƙarshen shekarun 1990 zai tuna irin kallon da ake yi wa ɗalibin da ya ce zai yi bincike kan niyural netwok, tsarin nan mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Kallon tausayi ne. Wai kasuwarsa ta ci ta watse, wata dabarar su Vapnik mai suna SVM ce ke tashe tun 1995.

A lokacin ba a zaɓen kwas da ka. Sai ka je ofishin Malam ka gaida shi, ka jira ya gama shan shayinsa. "Ranka ya daɗe, wanne zan ɗauka?" Amsa ɗaya ce kullum: aljebra, kalkulas, ƙididdiga. "Kwamfuta ba ta gudu, ɗan samari, je ka iya lissafi tukuna." Haka muka riƙa bin ƙa'idar da Rumelhart da Hinton da Williams suka wallafa a 1986 da fensir da takarda, muna mayar da kuskure baya daki-daki, har fensir ɗin aro ya ƙare.

Littafin Haykin na 1994 kan niyural netwok kuwa kwafi ɗaya ne ke yawo tsakaninmu, hoton hoton wani ne, wasu alamomin sun dushe sai an yi cinta. Har yau ina jin ƙanshin takarda mai ɗumi da ta fito daga injin fotokwafi.

Sai gardamar manhaja. 'Yan gata MATLAB suke so, masu haƙuri su nemo SNNS na Jami'ar Stuttgart ta Jamus, kyauta ce. Masu taurin kai, irin su o'o, mu rubuta komai da yaren kwamfuta na C. Duk arzikinka na cikin filofi mai ɗaukar megabayit 1.44, a aljihun gaban riga. Ka tayar da horon netwok ɗinka bayan isha'i, injin yana gurnani kamar tsohuwar tahuna, kana addu'ar kada a ɗauke wuta kafin asuba. Ranar da matsalar gwaji ta XOR ta faɗa daidai, tsire ake saya.

Yaran yanzu layi kaɗan suke bugawa a manhajar PyTorch, aiki ya kammala kafin shayi ya huce. Allah Ya ƙara musu sauƙi, amma mu mun san kowace lamba a tsarinmu da fuskarta. Fannin da aka ce ya mutu kuwa, shi ya ba Hopfield da Hinton kyautar Nobel a 2024.