Aron Caja

Da an kawo wuta a ɗakin kwanan ɗalibai ko a shagon buga takardu, ba a daɗewa sai ka ji wani ya ɗaga murya: "Don Allah wa ke da cajar HP?" A miƙo masa, ya gwada bakin a ramin laftof ɗinsa. In ya shiga, 'yar fitila ta kama, magana ta ƙare. Da wuya ka ga wanda ya kifa cajar ya duba ƙananan rubutun da ke bayanta, alhali can amsar take.

A bayan kowace caja akwai layin da ke faɗin wutar da take fitarwa, misali 19.5V da 3.33A. In ka ninka su za ka samu wat 65, wato 65W ɗin nan da masu shago ke kira. Lambar V ita ce ba a wasa da ita. Yawancin Dell da HP 19.5 suke ci, Lenovo 20, Acer da Asus da Toshiba 19. Ratar rabin lamba ba ta cika yin ɓarna ba. Amma cajar firinta mai 24 tana iya soya allon laftof, mai 12 kuwa ko motsa shi ba za ta yi ba. Ɓarnar ma ta fi yawa ta ɗaya gefen: zagayayyen bakin tsohuwar cajar Toshiba yana shiga dikoda da na'urar raba intanet daram, su kuwa galibi 12 suke so. Ƙauri kawai za ka ji.

Lambar A ce mutane ke fahimta a baibai. Sai ka ji an ce, "A'a Malam, taka mai wat 90 ce, za ta fi ƙarfin batirina." Ba haka abin yake ba. Na'ura ce ke jan abin da take buƙata, kuma girman randa ba ya sa mai sha ya wuce ƙishinsa. Ƙaramar caja ce abin tausayi. Ka ɗora wa mai 45 laftof ɗin da ke son 90, za ta yi zafi kamar ta narke, batir na raguwa alhali yana jone, wani lokacin ta riƙa yankewa tana dawowa.

Dell da HP suna da wani hali na daban. Manyan bakunansu girmansu ɗaya, na wannan na shiga ramin wancan, amma 'yar allurar da ke tsakiya ba wuta take kaiwa ba. Ta nan caja ke gabatar da kanta ga laftof. In Dell bai gane baƙuwar ba, yakan ƙi cajin batir, ya kuma rage wa kansa gudu. Mai shi ya ɗauka cuta ce ta shiga kwamfutar, ya kwasa sai wurin mai gyara, alhali aron jiya ne.

Sababbi masu bakin USB-C sun rage wannan fargaba. Cajar kan fara da 5V, sai sun daidaita da na'urar sannan ta hau 9 ko 15 ko 20. Shi ya sa cajar laftof ba ta ƙona waya, cajar waya kuma iyakarta ta kasa cajin laftof. Sai dai igiya na da nata ƙa'idar: wadda ba a yi ta don ɗaukar sama da 60W ba, nan za ta tsaya komai girman cajar. Tarayyar Turai ta wajabta wannan baki a kan wayoyi tun Disamban 2024, laftof kuma daga Afrilun 2026. Mu da kasuwarmu ta dogara da 'yan gwanjon Turai, sai nan da wasu shekaru za mu gani a ƙasa.

Ni dai abin da ya fi ba ni tsoro ba cajar maƙwabci ba ce. Ta asali da lambobinta suka dace ta fi mini sabuwa fil ta jabu, mai tambarin kamfani amma ba nauyi a hannu. Irin su ne in ka jona sai kibiyar kan allo ta kama rawa, kuma ba su da juriyar wutar janareto mai hawa da sauka. Ga kuma wadda ake kira "yunibasal", mai bakuna takwas da ɗan maɓallin turawa daga 12 zuwa 24. A cikin jaka maɓallin kan goce da kansa, kuma wanda ya shekara yana jiran wuta ba ya tsayawa duba inda ya tsaya.