Awk ɗinka ba lallai shi ne awk ɗina ba

Ƴan ajin ƙarshe masu fama da furojet, musamman mu da ke haya a Akurba muna aron laftof kamar aron caja, ina da magana a kan awk. Ga wanda bai san shi ba, ƙaramin yaren kwamfuta ne na tace rubutu layi-layi. Aho da Weinberger da Kernighan suka ƙirƙiro shi a Bell Labs ta Amurka a 1977, harufan farko na sunayensu ne ma suka zama sunansa.

To awk fa ba guda ɗaya ba ne. Akwai gawk na GNU, akwai mawk da Ubuntu da Debian ke zuwa da shi, ga kuma na Kernighan da ke cikin Mac. Inda halinsu ya fi rabuwa shi ne idan ka sa hannu ka canza ma'ajiyoyin da yaren ya zo da su, irin su NF mai riƙe adadin gurabun da ke layi.

A rukuninmu muna da bayanan manoman da muka yi wa tambayoyi, gurbin ƙarshe lambar wayar kowa ce. Mun kuwa yi musu alkawarin ba mai ganinta sai mu. Dabarar da kowa ke so ita ce ka rage NF da ɗaya ka buga layin, lambar ta faɗi. A gawk lafiya lau. Amma na Kernighan, kafin gyaran da aka yi masa a Agustan 2018, ba ya sake gina layin idan ka rage NF. Kenan a tsohuwar Mac, irin ta hannu da ɗalibi ke iya saye, layin zai fito da lambar tana nan daram. Ba kuskuren da zai bayyana a allo, ba komai. Sai dai ka tura fayil ɗin gurup, lambobin bayin Allah su shiga wayoyi hamsin. Wallahi wannan shirun nasa ya fi ba ni tsoro a kan jan rubutu cike da allo.

IGNORECASE ma haka. Wani ya rubuta Akurba, wani AKURBA, wani akurba. Ka sa IGNORECASE=1, gawk ya ƙirga su duka. Mawk bai san wannan sunan ba, zai karɓa kawai ya ajiye kamar kowace ma'ajiya, lissafinka ya ragu. Ranar kare furojet kuma malam ba ruwansa da wane awk ne, alƙaluman babi na huɗu zai tambaye ka.

Ni dai na daina taɓa NF. In zan cire gurbi, madauki nake rubutawa ya buga waɗanda nake so ɗaya bayan ɗaya. Ya fi tsawo, ba ya burge kowa, na yarda. Maganar manya da ƙananan harufa kuwa tolower ta wadatar, duk ukun sun san ta.

Dan Allah kafin ka gudanar da komai a laftof ɗin aro, buga awk --version ka ga da wa kake magana. In ya ƙi amsawa, gwada awk -W version, galibi tsohon mawk ne.