Shaidar maƙwabta: yadda shafin Hausa ke samun suna a intanet

Masu rubuta Hausa a intanet sukan ɗauka aiki ya ƙare ranar da rubutu ya hau shafi. Wani malamin sakandare a Damagaram ma haka ya ɗauka. Ya shafe shekaru yana tattara karin magana daga bakin tsofaffi, yana bayyana ma'anar kowanne da inda ake jefa shi. Wata ya bi wata, ban da ɗalibansa babu mai leƙo shafin. Wanda ya nemi karin magana a Google kuwa sai a kai shi wasu shafuka da suka kwafi jeri ɗaya daga juna, har da kurakuran.

Dalilin yana da tarihi. A shekarar 1998 Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suke karatu a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka bayyana tsarin da Google ya ginu a kansa, mai suna PageRank. Tsarin yana ɗaukar kowane mahaɗi da ya taso daga wani shafi zuwa naka a matsayin shaida. Shaidun kuwa nauyinsu ya bambanta: mahaɗi ɗaya daga shafin da jama'a suka amince da shi ya fi ɗari daga shafukan da ba wanda ya san su. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai gane wannan da sauri, domin a can ma ana duba wa ya karɓo daga wa, kuma darajar mai ruwaya tana hawa kan abin da ya ruwaito. Ma'aunan Google sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin, amma mahaɗi bai rasa matsayinsa ba.

Inda ake neman shaida, ba a rasa masu sayar da ita. An yi wa malamin tayin dubban mahaɗai a kan ƴan jikkunan sefa, ya ƙi, kuma ya yi daidai. A watan Afrilu na 2012 Google ya fito da gyaran da ake kira Penguin, wanda ya durƙusar da shafuka masu yawa da suka tara mahaɗan bogi. Tun 2005 ma akwai alamar nofollow, wadda mai shafi ke liƙa wa mahaɗi don ya nuna bai tsaya wa inda ya dosa ba. Wikipedia tana sa ta a kan mahaɗanta na waje, shi ya sa cusa adireshi a can zai iya jawo mai karatu, amma ba lalle ya ɗaga shafi ba.

Hanyar da ya bi mai tsawo ce. Ya tambayi kansa me yake da shi wanda wani zai so ya nuna wa mutanensa. Sai ya ɗauki muryoyin tsofaffin nan suna faɗin karin maganar, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kuma a nan ne mai koyo ke tuntuɓe. Ya rubuta wa masu koyar da Hausa a ƙasashe daban-daban, kowa da wasiƙarsa, yana ambaton darasin da muryoyin za su taimaka wa. Yawancinsu ba su amsa ba. Kaɗan suka sa shi a jerin abin da ɗalibansu za su duba, kuma daga nan baƙi suka fara shigowa.

Akwai kuma matsalar da Hausa ta keɓanta da ita. Kalmomin da aka rataya wa mahaɗi suna gaya wa injin bincike abin da ke cikin shafin, don haka “karin maganar Damagaram” ya fi “latsa nan” amfani nesa ba kusa ba. To, amma da wane rubutu? A Nijar ana rubuta ƴa, a Nijeriya 'ya. Wanda ya yi makarantar Faransanci yakan buga haoussa. Mai ƙaramar waya kuwa yakan watsar da lanƙwasa, ƙasa ta koma masa kasa. Malamin ya riƙe daidaitaccen rubutu a cikin darussansa, sannan ya buɗe shafi guda da ke jera waɗannan bambance-bambance da misalansu. Wannan shafin, wanda ya rubuta cikin yammaci ɗaya, shi ne malamai suka fi tura ɗalibansu gare shi.