Sunan Ƙwaro Rabin Maganinsa

Kakanni ba su taɓa haɗa mazauna lungun ɗaki a suna guda ba. Sun san gara da zago, sun bambanta ƙuma da kuɗin cizo, sun raba kiyashi da tururuwa, kuma kowane suna yana tafe da nasa magani. A yau duk abin da ya rarrafo daga ƙarƙashin gado ya zama “ƙwaro”, maganinsa kuwa ɗaya: kwalbar piya-piya daga kasuwa. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

A Damagaram akwai wani tsohon malamin makaranta da ya ƙi yarda da wannan gajeren lissafi, kuma da dalilinsa. Wata shekara jikokinsa suka riƙa tashi da ƙuraje a jere a damtse. Aka yayyafa guba a ɗaki da magariba, aka rufe ƙofa, aka kwantar da yara. Kafin asuba ƙaramar tana amai, yawu na dalala, sai likita. Allah ya yi mata sauran kwana, amma cizon bai daina ba. Garin gyaran gira an kusa rasa ido.

Sai ya ɗauki fitila ya bi ɗinkin katifa da tsagar katakon gado. Ya ga baƙaƙen ɗige-ɗige, da wasu halittu faffaɗa, ja-ja, marasa fiffike. Kuɗin cizo ne. Wannan ƙwaro yana iya yin watanni bai sha jini ba, kuma da yawa daga cikinsa sun daina jin feshi, amma zafi yana hallaka shi har da ƙwansa. Aka tafasa ruwa aka zuba wa gado, aka wanke zannuwa da ruwan zafi, aka shanya katifa a ranar bazara, aka toshe tsagar bango, aka maimaita bayan mako biyu saboda ƴaƴan da za su ƙyanƙyashe.

Tun daga nan maƙwabta suke kawo masa ƙwari cikin kwalin ashana. Tambayoyinsa ba sa canjawa: “Inna, a ina kika same shi? Da rana ko da dare? Me ya ci, wace alama ya bari?” Hanyar laka a jikin bango ta gara ce, shi ya sa magina na dā suka zaɓi azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba. Hangara da ke bin hasken fitila a ƙarshen damina ba a murtsuke ta a fata, domin ruwan jikinta yana tayar da bororo. Hure ta ake yi. Zagayayyen rami a ƙwayar wake kuwa shaida ce cewa tsutsa ta girma a ciki ta fita, tun daga gona aka shigo da ita.

Nan ma suna ya nuna magani. Magabata sun cakuɗa wake da toka ko rairayi. Daga 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masu binciken INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka: idan an ɗaure shi tamau, iska ta ƙare, ƙwarin su mutu ba tare da guba ba. Ƙwayar Phostoxin kuwa, da wasu ke jefawa a buhu, iskar da take fitarwa tana kashe mutum. Ba ta da wuri a ɗakin kwana.

Harshen da ya manta sunayen ƙwarinsa ya zubar da wani kundin lafiya. Malamin da ya tura ɗalibai su tambayo kakanninsu sunaye goma da alamominsu ya ceci kalmomi goma, wataƙila kuma ya ceci rai.